Rigar sanyin Baba: saƙar igiya da ulun gwanjo

7 ga Satumba, 2024

Bana Baba zan saƙa wa rigar sanyi, mai igiya, irin wadda zanen yake tashi ya murɗe a jikin riga, wadda ake kira saƙar Aran. Na daɗe ina saƙa hular jarirai da safa da 'yan rigunan suna, amma duk saƙar gaba da baya ce, ban taɓa sa wani ido, wato madaukin zaren da ke kan tsinke, ya haye kan ɗan'uwansa ba. Wanda ya kwana a Jos a Disamba ko Janairu ba sai an yi masa bayani ba. Garin yana kan tudu sama da mita 1,200, Baba kuwa ba ya fashin Asuba a masallaci ko da haƙora na kaɗawa.

Inda gizo ke saƙar shi ne ulu. Wanda ake sayarwa a dunƙule a shagunan kayan saƙa na roba ne, siriri, don kayan jarirai. Yana jure wanki, amma igiya ba ta tashi da shi yadda ya kamata, ɗuminsa ma bai kai na gashin tumaki ba. Na tumakin sai an yi oda daga waje, kuɗin ya fi ƙarfina. Sai na nufi kasuwar Katako wajen masu gwanjo, neman rigunan da zan warware.

Ba kowace riga ke warwaruwa ba. Abin da nake fara dubawa ɗinkin ciki ne. Idan yanka saƙar aka yi, aka bi bakin da keken da ke naɗe gefe, a bar ta, domin kowane layi guntun zare ne, da tsummoki za a tashi. Wadda ake nema ita ce wadda aka saƙa kowane ɓangare da siffarsa, aka haɗa da ɗinkin sarƙa. Sai takardar wuya, ta ce ulun tumaki zalla. Sai hammata da gwiwar hannu: in gashin ya cakuɗe har ba a bambanta ido da ido, wankin zafi ya riga ya ci ta. Mai kayan ya yi ta kallona ina juya riguna ciki waje, har ya gaji ya ce, "Hajiya, ai gaban ake dubawa."

Na samu biyu, duka launin madara, ɗaya ta ɗan fi ɗaya rawaya. A gida na ciro zare kaɗan daga kowace na kai masa ashana. Ƙaurin gashi ya tashi, wutar ta mutu da kanta, tokar ta murmushe a yatsa. Da na roba ne, da narkewa zai yi ya zama baƙin ƙullutu mai tauri.

15 ga Satumba

Ɗinkin sarƙan nan irin na bakin buhun shinkafa ne: in an kama bakin da ya dace aka ja, sai ya zuge har ƙasa, in kuwa ɗaya bakin aka kama, a wuni ana tsinka. Da na raba gaba da baya da hannuwa, sai warwara. Rigar kamfani daga ƙasa ake saƙo ta zuwa sama, don haka daga kafaɗa take sakin zare. Zaren yana fitowa a nannaɗe, da lanƙwasar kowane ido a jikinsa. Na juya kujeru biyu baya da baya ina zagaya su da shi, in ya yi kauri in ɗaure shi wuri huɗu kada ya sarƙe.

Kafin in jiƙa na ɗora a sikelin kicin. Mai farin ta ba da giram 500, mai rawayan 310. Giram 810 kenan, kuma iyakar abin da ke akwai kenan. In ya ƙare babu shagon da zan shiga in ce a ba ni irinsa. Na naɗa kowanne a jikin rula don in ga kauri, duka biyun zagaye 8 suka cika inci ɗaya, za su zauna a riga ɗaya ba tare da wani ya ja wani ba.

Ruwan sanyi, ɗan sabulun wanke gashi, ba cuɗawa ba murzawa. Na matse a tawul na rataye a inuwa.

22 ga Satumba

Damina ta ƙi sakin gari, ulun ya ƙi bushewa. Na yi amfani da zaman na karanta inda wannan saƙa ta fito.

Sunanta daga tsibiran Aran ne, guda uku a bakin gaɓar Galway, yammacin ƙasar Ailan: Inis Mór, Inis Meáin da Inis Oírr. A da mutanen wurin masunta ne da ƙananan manoma. Masu tallar rigunan suna son a ɗauka abin ya kai shekara dubu, alhali a farkon ƙarni na 20 ya bayyana. Da ulun da ba a rina ba ake yi, wani lokaci ma ba a wanke maiƙonsa duka, don ya tare ruwa. A shekarun 1930 wata mata, Muriel Gahan, ta fara sayar da su a shagonta na Dablin. A shekarun 1940 kamfanin Patons ya buga tsarin saƙar a takarda. A 1961 mawaƙan nan Clancy Brothers suka fito a talabijin ɗin Amurka sanye da su, daga nan kasuwa ta buɗe.

Akwai labarin da ake yawan maimaitawa, wai kowane gida da zanensa, don in teku ta ci masunci a gane gawarsa. Masu binciken tarihin saƙa sun ce babu wannan. Ana danganta tushen labarin da wani wasan kwaikwayo na marubucin Ailan J. M. Synge na 1904, inda aka gane mamaci ta safarsa, saboda idanun da 'yar'uwarsa ta zubar lokacin da take saƙa ta. Safa ce ma, ba riga ba, kuma tuntuɓen hannu ne, ba zane ba. Ni dai wannan ya fi min. Tunda zanen ba gadon gidan kowa ba ne, matan suna ɗauka a wajen juna kowace ta jera yadda ta ga dama, ni ma zan jera nawa daidai da ulun da nake da shi.

Da na ba Goggo labarin sai ta ce ai ita ma a hannun wata maƙwabciyarsu ta koyi saƙa, wadda ta yi makaranta a wajen sistocin St. Louis, 'yan Ailan ɗin nan da suka fara sauka Kano a 1948. Amma ta ce matar gaba da baya da roba, wato saƙar bakin riga mai miƙewa ta dawo, kawai ta koya mata. Ta ɗauko min tsinkayenta na ƙarfe masu tsohuwar lambar Ingila, wadda in lamba ta hau tsinken ke ƙanƙancewa: lamba 8 shi ne milimita 4, lamba 6 shi ne milimita 5.

29 ga Satumba

Awo da gwaji.

"Baba, ku ɗan ɗaga hannu," na ce, na zagaya tef a kan ƙirjinsa: santimita 104. Da sarari don rigar ciki, 116 nake so, wato 58 gaba, 58 baya. Tsawo 66. Ina rubutawa ya ce, "Uwata, abu ɗaya. Hannun ya haye gwiwar hannu in zan yi alwala. Wadda aka kawo min bara sai na tuɓe ta gaba ɗaya, a cikin sanyin nan." Na rubuta wannan ma, na ja masa layi.

Igiya ba wani sabon ido ba ne. Ana ɗauke ido uku a ajiye a ɗan tsinke, a saƙa ukun da ke biye, sannan a dawo a saƙa na ajiyen. In an ajiye su ta gaba igiyar ta karkata hagu, in ta baya ta karkata dama. Shi ke nan. Tsinken ajiyata ma tsinken tsire ne da na goge bakinsa da takardar yashi. Amma duk inda ido ya haye ido, saƙar tana tsukewa, kuma nan ne lissafi ke shigowa.

Na saƙa ƙyallen gwaji mai ɗauke da kowane zane, na wanke shi, na bari ya bushe kafin in auna. Goggo tana gefe tana kallo. "Ke dai kin cika son wahala. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima." Na ce, "Goggo, idonku ne ya san kima, nawa tukuna." A tsinke milimita 5, saƙa miƙaƙƙiya ido 18 ke ba da santimita 10. Da da ita zan yi gaban rigar, ido 104 ya isa. Ga abin da zanen ya buƙata: saƙar zuma, zanen nan mai gida-gida kamar gidan zuma, a tsakiya, ido 32, amma faɗinta santimita 12 kacal. Kowane gefenta igiya mai ido 6, sai daiman, zane mai kusurwa huɗu da ke tsaye kan tsininsa, mai ido 18 har da filinsa, sai wata igiyar, da ido bibbiyu na baya a tsakaninsu don zanen ya tashi. Can gefe saƙar tsaba, mai 'yan ƙwayoyi kamar tsabar hatsi, ido 11, da ido ɗaya na ɗinki. Jimilla 132. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu kenan aka ƙara, a kan faɗi ɗaya, kuma kowane ƙarin ido ulu yake ci. Wanda ya ɗora 104 ya kama igiya, ƙaninsa zai saƙa wa riga ba babansa ba.

Na zana tsarin a takardar lissafi mai gida-gida. Na daidaita su yadda za su riƙa haɗuwa: igiya tana murɗawa duk layi 8, saƙar zuma tana zagayowa a layi 8, daiman a layi 24. Daiman shida ya kai ni kafaɗa.

Rabon ulu kuma: mai farin na jiki, mai rawayan na robar ƙasa da wuya da hannuwa. In launi ya sauya a inda zane ya sauya, sai ya zama kamar da gangan.

6 ga Oktoba

Sabuwar hanyar ɗora ido, wadda bakin roba ke fitowa a zagaye ba tare da gefe mai tauri ba. An fara da wani zare na daban mai santsi, ido 54. A kansa aka yi layi huɗu miƙaƙƙu da ulun gaske. Sannan a saƙa ido ɗaya na kan tsinke ta gaba, a sunkuya a ɗauko ƙullin layin farko daga ƙasa a saƙa shi ta baya, haka har ƙarshe. Saƙar ta naɗe kanta, 54 ya zama 107. Da na zare zaren aron, bakin ya tsaya kamar na kanti, yana miƙewa yana dawowa. Roba santimita 7 a tsinke lamba 8, sannan na ƙara ido 25 a layi ɗaya, yawancinsu a gindin igiyoyi da saƙar zuma, inda tsukewar za ta faru.

13 ga Oktoba

Karanta zanen takarda sai a hankali. Layin fuska daga dama zuwa hagu, layin ciki daga hagu zuwa dama, kuma a layin ciki alamar gaba baya take nufi. Sauƙin dai shi ne a layin ciki babu murɗi, abin da ido ya nuna shi ake ba shi, ban da tsaba.

20 ga Oktoba

Saƙar zuma murɗi takwas take so a layi ɗaya, duk bayan layi huɗu. Ɗauki tsinke, ajiye tsinke, nemi tsinke a ƙarƙashin kujera. Na ce wannan ba za ta kai ni Disamba ba, na zauna na koyi murɗi ba tsinke.

Ga yadda yake in ana son karkata dama, biyu a kan biyu. Ido huɗu na jira a tsinken hagu. A tsallake na ɗaya da na biyu, a zura tsinken dama ta gaba cikin na uku da na huɗu. A matse gindin huɗun da babban yatsa da manuni, a zare tsinken hagu daga cikinsu duka. Yanzu ido biyu suna tsaye a baya, babu abin da ke riƙe da su. A mayar da tsinken hagu ya kwashe su, a dawo da biyun da ke dama kansa, a saƙa huɗun a jere. Na hagu kuwa ta baya ake zura tsinken, biyun su tsaya a gaba. Lokacin da idanun nan ke tsaye su kaɗai, numfashi ma sai na riƙe. Amma ulun tumaki yana da ƙaiƙayi a jikinsa, yana kama ɗan'uwansa, ba ya zamewa in ba an ja shi ba. Da na roba mai santsi ne ban ce ba. Igiya mai uku a kan uku har yanzu da tsinken tsire nake yin ta, ba na ganin ribar jarumta a nan.

Wani abu da na lura: idon ƙarshe na gefen hagun kowace igiya yana fitowa a sake, ya fi 'yan'uwansa faɗi. Dalili shi ne daga gaba zuwa baya zaren yana yin doguwar hanya, rarar sai ta koma cikin idon da ya gabata. Maganinsa a naɗa zaren idon baya na farko ta ƙasa, akasin yadda aka saba, in an dawo a layin ciki a saƙa shi ta ƙafar baya don kada ya murɗe. Gefen ya tsuke tsaf.

27 ga Oktoba

Na ɗora aikin a sikeli, na cire nauyin tsinke da na roba. Kowane santimita 10 na gaban rigar giram 44 yake ci. In na bi haka: gaba kamar 285, baya 290, hannuwa biyu 230, wuya 25, ɗinki 10. Giram 840. Ina da 810.

Goggo ta ce in yi bayan miƙaƙƙe kawai, wa zai gani a ƙarƙashin babbar riga. Ban yarda ba, domin igiyoyi da daiman na gaba ina so su haɗu da 'yan'uwansu na baya a kan kafaɗa. Abin da zan cire a baya saƙar zuma ce, ita ce mai cin ulu. Santimita 12 ɗin da take cika da ido 32, tsaba za ta cika shi da 20. Baya ya koma ido 120, an tsira da abin da ya kusa giram 30. Duk da haka da sauran rina a kaba, don haka na sauya tsarin aikin: wuya kafin hannuwa, hannuwa kuma daga kafaɗa zuwa ƙasa, yadda in ulu ya gaza, a wuyan hannu zai gaza, inda santimita ɗaya ba ya kashe riga.

Haɗin zare ma ya shiga lissafi. Ulun gwanjo yana da yawan yankewa, in kowane haɗi zan bar jela biyu in soke daga baya, asara ce. Sai na koyi haɗi ba ƙulli: a warware bakin kowane zare, a rage rabin silinsa, a jiƙa, a ɗora su kan juna a tafin hannu a murza da ƙarfi har ya yi zafi. Gashin tumaki yana da ƙananan ɓawo a jikinsa, in ruwa da zafi da murza suka haɗu sai su sarƙe, ba sa sake rabuwa. Turawa da miyau suke yi. Ni ina da kofin ruwa a gefe.

9 ga Nuwamba

'Yar maƙwabciyarmu da ta ga igiya ta ce ita ma sai ta yi, ta kama abin ɗaure kai. Yau ta shigo kamar za ta yi kuka. "Anti, duba, wannan ta juya hagu, sauran duk dama." Murɗin yana can ƙasa, layi goma sha biyu a baya, tana shirin warware duka.

Dama na gwada gyaran a ƙyallen gwajina, sai na ce ta zauna ta gani. Muka saƙa har bakin igiyar, na zare ido shidan nan kaɗai daga tsinke na bar su suka zube, layi bayan layi, har kan murɗin. Abin da ya rage a wurin zaruruwa ne a kwance kamar matakala, kowanne na layinsa. Na kwashe idanun a ƙaramin tsinke, na sauya musu wuri, ukun da suka bi ta gaba suka koma ta baya. Sannan na ɗauki zaren da ya fi kowanne ƙasa na saƙa shidan da shi, sai na samansa, sai na samansa. Wurin da ake faɗuwa shi ne tsallake zare ɗaya ko ɗaukar na sama kafin na ƙasa, don haka na maƙale sauran da fil ina sakin su ɗaya ɗaya. A layi na takwas na sake murɗawa, tunda akwai wani murɗin a hanya. Idanun sun fito wasu a sake wasu a tsuke, na bi su da bakin tsinke ina raba musu zaren. Ta juya abin gaba da baya tana neman wurin.

Wanda ya iya wannan ya huta da tufka da warwara. A ganina ya kamata a koya wa mutum shi tun ranar da aka koya masa murɗin.

24 ga Nuwamba

Gaba ya sauka daga tsinke, giram 281. Takardar zanen tun daiman na uku na daina buɗe ta, saƙar da kanta take nuna inda aka kwana.

Wuya ya fara bayan daiman na biyar ya rufe. Ya cinye saƙar zuma da igiyoyin ciki biyu, kowace kafaɗa ta rage ido 40. Gangaren kafaɗa da gajerun layuka na yi shi, irin na Jamusawa: a tsaya kafin ƙarshen layi, a juya, a zame idon farko, a ja zaren sama ya haye tsinke har idon ya nuna ƙafa biyu. In an zo wucewa daga baya a saƙa ƙafafun biyu tare, ba rami. Na sa wuraren juyawa a cikin tsaba da kuma kwarin da ke tsakanin igiya da daiman, don daiman ya samu layukansa cikakku ya rufe a kan kafaɗa.

Hunturu ya shigo. Yatsu sun fara kaushi suna kama ulu, sai man kaɗanya da dare.

15 ga Disamba

Baya ya tafi da sauri, giram 262. Ƙyallen gwaji ma ya shiga ciki, na warware shi na jiƙa na saƙa. Mai farin giram 5 ya rage.

Kafaɗu ban rufe su daban-daban ba. Na haɗa gaba da baya fuska da fuska, tsinke biyu a hannun hagu, na ukun yana ɗaukar ido ɗaya daga kowanne yana saƙa su tare yana rufewa. A kan igiya na rage ido biyu tukuna, in ba haka ba bakin yana bajewa, tunda babu murɗin da zai sake tsuke shi. Daiman ya sadu da daiman. Gefuna kuma da allura, ta fuska, ana ɗaukar ɗan zaren da ke tsakanin idon farko da na biyu, nan ɗaya can ɗaya, in an ja sai ɗinkin ya shige ciki. Na bar santimita 24 kowane ɓangare don hannu.

22 ga Disamba

Wuya: ido 96, roba ɗaya-ɗaya. A kan saƙar zuma 22 na ɗauka a madadin 32. Na so wuya mai ninki, amma ninki ulu biyu ne. Na rufe da allura, irin rufin da ke kama da ɗorin ƙasa, ya miƙe ya wuce kan Baba ba tare da ya taɓa masa kunne ba. Giram 24.

Abin da ya rage na mai rawayan giram 230. Na raba shi a sikeli, dunƙule biyu, 115 kowanne, na sa su a leda daban-daban don kada hannun dama ya ci rabon na hagu.

5 ga Janairu, 2025

Baba ya fara tambaya ko rigar ta sanyin baɗi ce.

Hannu a zagaye nake yin sa, da tsinke mai igiyar roba na santimita 80 da wata ƙawata ta aro min. Na ɗauki ido uku a kowane layi huɗu a bakin hammata, 88. Miƙaƙƙiyar saƙa ce, igiya ɗaya tal ta sauko daga kafaɗa. Da hannun ya fara tsukewa, sai a raba idanun biyu a jawo rarar igiyar tsinken ta fito a gefe kamar kunne, a saƙa rabi, a juya, a saƙa rabi. A mahaɗar rabin biyun sai an ja ido na biyu da ɗan ƙarfi, in ba haka ba wata 'yar hanya tana bayyana.

Wahalar zagaye ita ce ƙirga. Babu layin ciki balle a ce fuska ce ko ciki, kuma murɗi yana ɓoye layin da aka yi shi. Dabarar da ta yi min aiki: a gefen kowane murɗi akwai ɗan rami, in an zura tsinke a ciki aka ɗaga, zaruruwan da ke samansa suna fitowa a ƙirga su. Na gwada a gaban rigar inda na san lissafin daidai ne, na riƙe adadin, shi nake bi.

Ragi ido biyu duk zagaye biyar, daga 88 zuwa 52. Tsarin Turawa da na duba suna sauka ƙasa da haka a wuyan hannu, amma su ba alwala suke lissafawa ba.

19 ga Janairu

Kafin in rufe hannun farko na zura zare a idanun na kai wa Baba ya sa. Ya tura hannun sama, ya haye gwiwa ya zauna a dantse, bai zamo ba. Ya sauke, robar ta koma ta kama wuyan hannu. Ya ce tsawon ya isa haka, ba ya son wanda ke shiga miya. Santimita 48 daga kafaɗa, shida na ƙarshe roba. Na rufe da allura kamar wuya, sannu a hankali, ina miƙa bakin bayan kowane 'yan idanu don in tabbata bai ɗaure ba, domin duk faɗin da aka bari a sama, in rufin ya yi tauri aikin banza ne.

Giram 111 ya ci. Na biyun yana rabi.

26 ga Janairu

An gama. Na jiƙa rigar rabin awa a ruwan sanyi, na naɗe ta a tawul na taka, na shimfiɗa a tabarma a cikin ɗaki saboda ƙurar hunturu. Na daidaita ta da tef, 58 a faɗi, 66 a tsawo, ban ja igiyoyin ba don kada su kwanta. Idanun da suka fito ba daidai ba yawancinsu ruwa ya daidaita su. Bambancin launin jiki da hannuwa ana ganinsa a rana, a cikin ɗaki sai an faɗa wa mutum. Ulun da ya rage giram 13 ne duka-duka, na naɗe shi na ajiye don gwiwar hannu, nan ne za ta fara ci.

Ƙanina ne ke yi wa Baba wanki, kuma na san hannunsa: ruwan zafi, garin sabulu, cuɗa kamar ana faɗa. Abin da ya haɗa min zare a tafin hannu shi zai mayar da rigar nan ta ɗan shekara goma. Na kira shi na ce wannan ko ta yi datti kada ya taɓa, ya kawo min. In zafi ya shigo a Maris zan wanke ta da kaina, ta bushe sarai, in sa ta a jaka mai zif saboda asu.